Gwangwanin Fara da Buhun Tsampa

Tun da na dawo ban taɓa fitowa daga sallar Juma'a na isa motata ba tare da wani ya riƙe mini hannu ba. Wannan ya ce da gaske ne suna zuba gishiri a shayi, wancan ya ce an gaya masa na hau wani sa mai gashi har ƙasa. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na sake ba da labarin sai duwatsun su ƙara tsawo. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda. Da farko in gyara abu guda: ban je Lhasa, babban birnin Tibet, ba. Ƙauye na je, a yankin Qinghai na ƙasar China, inda mutanen Tibet suke noman sha'ir da kiwo. Kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne.

Ni ɗan Maraɗi ne, shekarata tara a Greensboro ta ƙasar Amurka, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito na kujeru da gadaje ta wajen McLeansville. A nan na san Dorje. Mu biyu ne kawai ba ma fita shan taba lokacin hutu, haka muka saba. Ɗan Tibet ne, ya bar gida da ƙafa ya ƙetare duwatsu zuwa Nepal, daga nan Indiya, daga nan nan. Ranar da zai tafi ya ce wa mahaifiyarsa kasuwa za shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma irin takardun da yake zaune da su ba za su bar shi ya koma ba. In ya kira wayar gidansu wansa ne yake ɗauka. Tsohuwar tana ɗakin, yana jin tarinta, amma ba ta taɓa karɓar wayar ba.

Da ya ji zan je Guangzhou sayo wa ƙanena kayan babur da yake sayarwa a Maraɗi, sai ya ce ai garinsu kusa ne. Daga baya na gane kusan Dorje kwana uku ne a hanya. Ya kawo mini ƙulli, rigar sanyi ce a ciki da hotunan 'yarsa mai shekara uku, wadda ya sa wa sunan tsohuwar. Ya ce, "Lawali, ba na son komai. Ka dawo mini da kalma ɗaya daga bakinta, ko da zagi ne."

Matata Rakiya ba ta ga hankali a abin ba. Ta ce, "Kai da ko nan unguwar Sedgefield aka aike ka sai ka ɓata, kai ne za ka nemo tsohuwa a bayan China? Bon, Allah shi kiyaye." Duk da haka ta haɗa mini guzuri: gari, dabino, yaji, da gwangwanin madara cike da soyayyar fara wadda gwaggonta ta zo mana da ita daga gida. Duk wanda ya zauna a nan ya san darajar fara. Mukan ci ta da ƙirge, kuma ba a gaban kowane baƙo ake buɗe ta ba.

Sau biyu na canza jirgi. A bakin shiga China jami'in ya juya fasfona gaba da baya, ya kira abokin aikinsa, suka buɗe wani littafi suna neman Nijar da yatsa. Da suka same ta suka yi murmushi kamar su suka gano ta, aka buga mini hatimi. Ba zan ɓata muku lokaci da Guangzhou ba, rabin Maraɗi na can, ku tambaye su. Na gama sayayya cikin mako guda na hau jirgin ƙasa zuwa Xining, babban birnin Qinghai. Kwana biyu na yi a ciki. Kowa yana zuba ruwan zafi a taliyar kwali yana sha, ni kuwa ban san abin da ke cikinta ba, sai na tsaya kan gari da dabino. An ɗauki hoto da ni ya fi a ƙirga. Wani dattijo ya goga yatsarsa a hannuna ya duba, na miƙa masa ɗaya hannun ma ya gwada.

Xining ta ba ni mamaki. Ina fitowa daga tasha na ga fararen huluna ko'ina, na yi sallama aka amsa mini cikakkiya. Musulmi ne 'yan asalin wurin, da masallatansu da mahautansu. Na ci taliyar da ake ja da hannu a gabanka, cikin romon naman sa, kwano biyu a zama ɗaya. Otal ɗin da na sauka akwai fulas ɗin ruwan zafi da bargo biyu, amma na'urar ɗumama ɗaki ba a kunna ta sai wata rana da aka tsayar, ko da sanyi ya riga ranar zuwa. Na kwana da takalmi.

Da safe wani mai suna Tashi ya zo. Abokin karatun Dorje ne tun suna yara, yanzu yana koyar da Turanci a makarantar gunduma, shi ne zai zama bakina da kunnena. Muka yi awa shida a bas muna hawa, sannan muka shiga bayan wata motar ɗaukar buhuna. Kaina ya fara sara, numfashi ya zama aiki. Tashi ya ce tsayin ƙasar ne, zai wuce. A hanya na ga san nan da kuke tambaya. Yak suke ce masa, baƙi ne, gajere, gashinsa na share ƙasa. Ban hau shi ba, kuma ban ga wanda ya gayyace ni ba.

Gidan su Dorje na ƙasa ne mai soro, da tsakar gida da katanga, an manna kashin shanu a bango yana bushewa don makamashi. Ban da sanyin da sai in ce bayan Maraɗi nake. Wan Dorje yana can tudu da dabbobi, a gidan sai matarsa Lhamo da tsohuwar, wadda kowa ke kira Ama, wato inna. 'Yar ƙarama ce, kitsonta biyu sun yi fari, carbi ba ya barin hannunta. Aka rataya mini farin ƙyalle a wuya, haka suke tarbar baƙo, aka zaunar da ni kan wani dakali mai faɗi da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa yana ɗumama shi. Na miƙa ƙullin da hannu biyu, na faɗi wanda ya aiko ni, Tashi ya fassara. Ama ta nuna wata kantar ajiye kaya da haɓarta, Lhamo ta ɗora ƙullin a can. Abin da ta ce kawai shi ne a ba baƙo shayi.

To, ga amsar masu tambaya. E, da gishiri. Baƙin ganyen shayi ne ake dafawa da madara da gishiri, a jefa curin man shanu yana yawo a sama. In ka sa a ranka shayi za ka sha, za ka sha wuya. In ka ce romo ne, sai ya shiga lafiya, har ciwon kai ya ragu. A ɗan akushin katako ake sha. Na kurɓa na ajiye, Lhamo ta cika. Na sake kurɓa, ta sake cikawa. Na ce bari in shanye duka ta ga na yaba ta huta, ina ajiyewa ta cika fal. Akushi bakwai na sha, na zagaya bayan gida sau huɗu kafin la'asar. Sai daga baya Tashi ya ce in ka ƙoshi barinsa ake yi a cike ko ka rufe da tafin hannu. Na ce me ya hana ka gaya mini? Ya ce, "Muna ta mamaki ne, mun ɗauka haka ƙishirwar Afirka take."

Abincinsu na kullum tsampa ne, garin sha'ir da aka soya kafin a niƙa. Ana zuba shi a akushin da ka rage shayi, a ƙara man shanu da busasshen cuku, ka cuɗa da yatsu kana juya akushin har ya dunƙule. Tashi ya fara nuna mini yadda ake yi, ya ce baƙi sukan watsa garin a jikinsu. Na karɓa na murza, na fitar da curi sumul. Wanda ya taso yana ganin uwarsa tana cura dawon fura ba sai an koya masa wannan ba. Lhamo ta yi dariya ta tafa, na kuma ga Ama tana kallon yatsuna. Na ji daɗi, na ce a raina aikin nan ba zai yi wuya ba.

Sun girmama ni, wannan kam ba zan rage ba. Tashi ya sa an kawo naman rago daga wurin wani mahauci Musulmi a gari saboda ni, Lhamo ta naɗe shi a kwaɓaɓɓen fulawa ta turara, momo suke ce masa. Ya ce su ma sau da yawa wurin Musulmi suke saye, don ba sa son ɗaukar rai da hannunsu. Na ji maganar, na ɗauki abin da ya shafe ni, wato naman halal ne, na bar sauran. Aka kawo giyar sha'ir, na ce addinina ya hana, ba wanda ya matsa. Kindirmonsu kuwa, Fulanin da za su karanta wannan su yi haƙuri, cokali yana tsayawa a cikinsa.

Amma aiken bai motsa ba. Kowace safiya in na ambaci Dorje sai Ama ta juya wajen murhu. Na ce a sauko da hotunan, ta ce idonta ba ya gani, alhali na gan ta tana tsince tsakuwa daga sha'ir ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku haka, saura biyu in tafi. Na zauna na yi lissafi irin namu. Duk abin da na kawo na ɗanta ne, kuma da shi take fushi. Ni da kaina na ci na sha ban ba ta tsarabar komai ba. In na ba ta wani abu daga ƙasar uwata, wataƙila zance ya buɗe, daga uwa zuwa uwa. Abu mafi daraja a jakata kuwa shi ne gwangwanin nan, wanda na yi ta jan rai ban buɗe ba tun Greensboro.

Da hantsi, kowa na zaune, na nemi faranti na juye farar duka, ta yi tsibi, jawur da yaji. Na tura gaban Ama. Don in nuna musu yadda ake yi na ɗauki guda na cire ƙafafu na jefa a baki, ta yi ƙaras. Lhamo ta rufe bakinta da hannun riga. Tashi ya sunkuyar da kai. Ama ta jawo farantin a hankali ta leƙa, da idon nan da ba ya gani, leɓunanta suka fara motsi.

Tashi ya ja ni waje. Bai yi faɗa ba, malami ne, tambaya ya yi. Ya ce yak guda rai nawa ne? Na ce ɗaya. Ya ce kuma zai ciyar da gida wata da watanni. Abin da ka zuba a farantin nan fa, rai nawa ne, kuma mutum nawa zai ƙosar? Na ce ban taɓa kallonta ta nan ba. Ya ce a wurinsu ran ƙwaro da na sa duk rai ne, shi ya sa in dole sai an ci nama gwamma babbar dabba, kuma shi ya sa yawancinsu ba sa cin kifi. Nan na tuna sau nawa muka je cin abinci da Dorje yana tsallake jatan lande, ni ina cewa ƙyanƙyami ne irin na mutanen tudu.

Duk yinin ranar Ama tana kan farantin. Takan ɗauki fara guda, ta yi mata addu'a irin tasu, ta hura mata iska, ta ajiye a kan ƙyalle, ta ɗauki ta gaba. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da yamma ta ƙulle ƙyallen ta ɗauki sanda ta hau tudun bayan gida ita kaɗai, ta dawo hannu wofi. Kunya ta ishe ni. Mutum ya aiko ni neman kalma ɗaya, na zo na ɗora wa tsohuwa jana'izar ɗaruruwa. Ba zan ɓoye ba, na ji zafin farar ma.

Washegari muna shayin safe ta sa Tashi ya zauna kusa da ita, ta dube ni sosai, karo na farko. Ta yi magana gajeriya. Tashi ya fassara. "Ta ce, abin da yake ci a can ke nan?"

Ba ta kira sunansa ba, amma duk mun san wanda take nufi. Na ga ƙofa a buɗe. Da na ce e, yunwa ake yi, ɗanki ƙwari yake ci, na tabbata da a ranar za ta nemi waya. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Sai dai ƙaryar za ta zauna da ita bayan na tafi, ita ce za ta riƙa kwana da ita. Na ce wa Tashi ya gaya mata a'a, wannan abincin ƙasarmu ne, ɗanta bai taɓa sa shi a baki ba, kuma inda yake abinci har zubarwa ake yi.

Ta ce to me yake ci? Na faɗa mata abin da nake gani kullum. Burodi mai sanyi da yankan nama a tsakiya, a cikin leda. Yana ci a motarsa a filin ajiye motoci, cikin minti ashirin, shi kaɗai in ban fito ba. Ta ce wa yake dafa masa shayi? Na ce inji ne, ana danna shi ya zubo a kofin takarda. Ta ce matarsa fa? Na ce tana aiki ita ma, in ya dawo ita za ta fita, a bakin ƙofa suke gaisawa. Ta ce tsampa? Na ce ya taɓa sayen sha'ir a kanti ya gasa a murhun lantarki ya niƙa a bilanda, ya kawo mini na ɗanɗana, shi da kansa ya ce ba shi ba ne. Ta ce ya rame? Na ce a'a, ya yi ƙiba, amma irin ƙibar can. Ba ta sake tambaya ba. Carbin ma ya tsaya.

Kafin in gama shayina ta fita tsakar gida. Ta sa Lhamo ta ɗebo sabon sha'ir ta wanke, ita kuma ta ɗora babban kasko ta zuba rairayi a ciki. In rairayin ya yi zafi sai a zuba sha'ir a kai a yi ta juyawa yana fashewa, sannan a tankaɗe da rariya rairayin ya koma kasko. Aiki ne na masu ƙarfi. Hayaƙi ya turnuƙe ta, tari ya sarƙe ta, Lhamo ta miƙa hannu za ta karɓi muciyar, Ama ta buge hannun. Haka ta yini, kasko bayan kasko. Da la'asar Tashi ya ɗauki buhun zuwa dutsen niƙa da ruwan rafi ke juyawa, ta bi shi da sandarta ta tsaya a kansa har aka gama.

Da safen tafiyata ta ba ni ƙaramin buhu na farin yadi, ta ɗinke bakinsa da kanta. Na dubi kantar nan, ƙullin Dorje yana nan inda aka ajiye shi. Na ce wa Tashi ya tambaye ta ko akwai saƙon baki da zan kai. Ta tura buhun jikina ta faɗi abu guda. Tashi ya ce, "Ta ce kada ya jiƙe." Na jira ko akwai ƙari, ta koma ciki.

Na rungumo buhun nan a bas, a jirgin ƙasa, a jirgin sama, ban yarda ya shiga cikin kaya ba. A Chicago na rubuta a takardar kwastan cewa ina ɗauke da abinci. Matar da ta duba ta farke ɗinkin kaɗan, ta shinshina, ta ce mene ne? Na ce garin sha'ir ne, uwar abokina ta aiko masa. Ta liƙe wurin da salatif ta ce in wuce.

Ranar Lahadi da rana na je gidan Dorje. Matarsa ta fita da yarinyar, shi kaɗai na tarar. Bai tambaye ni hanya ba, bai tambayi gajiya ba. Ya ce, "Me ta ce?"

Na ajiye buhun a tebur na ce, "Ta ce kada ya jiƙe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya zauna ya daɗe yana kallon buhun. Na so in ba shi labarin farar in nemi gafara, na ga ba lokacinsa ba ne. Can ya tashi ya ɗora ruwa, ya haɗa shayi da gishiri da man shanun kanti, ya ɗauko wani akushin katako daga saman firji ya goge ƙurarsa da rigarsa. Ya warware ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya, bai yanka ba. Ya zuba garin ya cuɗa, ya gutsura ya sa a baki. Sai ya daina taunawa.

Ya ce, "Wa ya soya?"

Na ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Lhamo ba ta bari ya ƙone. Wannan ya ɗan ƙone."

Na ce ita ce, tun safe har la'asar, kuma da Lhamo ta zo karɓa sai da ta buge mata hannu.

 Ya ja akushin gabansa ya kare shi da hannu ɗaya, ya kai loma ta biyu, ya kai ta uku. Shekara huɗu muna cin abinci tare bai taɓa sa wani abu a baki bai miƙo mini ba, ranar kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Na ɗauki makullin motata na ja masa ƙofa.